Gidajen Hukuma a Birtaniya da Yadda Suka Sauya Fasalin Birane

Gidajen hukuma, a yadda aka san su a Birtaniya, su ne gidajen da ƙananan hukumomi, wato majalisun birane da na gundumomi, suka gina da kuɗin jama'a, suka riƙe mallakarsu, sannan suka riƙa bayar da su haya a kan kuɗin da bai kai na kasuwa ba. Wannan tsari ya sha bamban da wanda aka fi sabawa da shi a Najeriya, inda gwamnati kan gina rukunin gidaje masu sauƙin kuɗi ta sayar wa ma'aikata su biya sannu a hankali, domin a Birtaniya hukuma ce mai gida ta dindindin, ita ke karɓar haya, ita ke gyara abin da ya lalace, ita ce kuma ke zaɓar wanda zai shiga idan wani ya fita. A shekarar 1918 gida ɗaya ne kawai cikin ɗari ke hannun hukuma, amma zuwa 1979 kusan kashi ɗaya cikin uku na iyalan ƙasar a irin waɗannan gidaje suke zaune, kafin adadin ya zabge ya koma kimanin kashi 17 cikin ɗari a Ingila ta yau, ko da an haɗa da gidajen ƙungiyoyi masu zaman kansu waɗanda ba riba suke nema ba. A tsawon wannan hawa da sauka gidajen sun faɗaɗa birane zuwa cikin gonaki, sun ɗaga su sama da dogayen benaye, daga bisani kuma suka zama alamar da ke raba unguwar mai hali da ta maras shi. Makomarsu a kowane zamani ta fi rataya a kan mutanen da aka ga sun cancanci zama a cikinsu, fiye da yadda ta rataya a kan siffar ginin kansa.

Cunkoso, Annoba da Taimakon Attajirai

Tushen lamarin yana cikin bunƙasar masana'antu ta ƙarni na 19, lokacin da mutanen karkara suka yi ta kwarara zuwa birane neman aiki a masaƙu da tashoshin jiragen ruwa, har Landan, wadda ke da mutum kusan miliyan ɗaya a 1801, ta kai kimanin miliyan shida da rabi a 1901. Gidajen da suka tarbi waɗannan baƙi na 'yan kasuwa ne, an jera su baya da baya ba tagar da iska za ta ratsa, iyali guda a ɗaki guda, wasu ma a ɗakunan ƙarƙashin ƙasa, kuma gidaje da dama na tarayya a famfo ɗaya da masai ɗaya. Rahoton da Edwin Chadwick ya fitar a 1842 kan tsaftar muhallin ma'aikata ya nuna cewa matsakaicin shekarun mutuwa a iyalan leburori a Manchesta 17 ne, alhali a yankin karkara na Rutland 38 ne, kuma yawan mutuwar jarirai ne ya ja adadin birni ƙasa haka. Annobar kwalara, wadda ta ɓarke a 1832 da 1848 da kuma 1854, ba ta tsaya a lungunan talakawa ba, saboda haka masu hali suka fahimci cewa ƙazantar unguwar da ba sa shiga tana iya kawo musu mutuwa har gida.

Duk da haka, ra'ayin da ya yi rinjaye a lokacin shi ne gina gida sha'anin kasuwa ne, hukuma ba ta da hurumi a ciki, don haka attajirai masu son taimako ne suka fara gwadawa. A 1862 George Peabody, wani hamshaƙin mai banki ɗan Amurka da ke zaune a Landan, ya ware fam 150,000 don gina wa ma'aikata gidaje, kuma ginin farko ya buɗe a unguwar Spitalfields a 1864. Wasu kamfanonin sun yi alkawarin ba masu zuba jari ribar kashi biyar cikin ɗari kawai, maimakon ribar da masu gidajen cunkoso ke kwasa. Gidajen suna da tsafta da ƙarko, sai dai hayarsu da tsauraran ƙa'idojinsu sun sa mai tsayayyen albashi ne kaɗai ke iya zama a ciki, ɗan dako da mai aikin yini kuwa suka ci gaba da zama inda suke.

Majalisar birnin Liverpool ce ta fara gina gidajen haya da kanta a 1869, amma sai da dokar gidajen ma'aikata ta 1890 ta fito sannan ƙananan hukumomi suka sami cikakken ikon rushe unguwannin cunkoso da sake gina su. Majalisar Gundumar Landan, wadda aka kafa a 1889, ta gwada wannan iko a kan unguwar Old Nichol da ke gabashin birnin, inda kusan jariri ɗaya cikin huɗu ke mutuwa kafin ya cika shekara. An tashi mutum kimanin 5,700, aka gina rukunin Boundary mai sassa fiye da dubu, da makarantu da wurin wanki da lambu a tsakiya, aka buɗe shi a 1900. Daga cikin waɗanda aka tasa, mutum goma sha ɗaya ne kawai suka koma sababbin gidajen, sauran kuwa haya ta fi ƙarfinsu, suka nausa unguwannin maƙwabta suka ƙara musu cunkoso. Wannan matsala, ta gyara wuri tare da korar mutanensa, ta ci gaba da bin tsarin har zuwa yau.

Daga Yajin Biyan Haya zuwa Unguwannin Bayan Gari

Yaƙin Duniya na Farko ne ya tilasta wa gwamnatin tsakiya shiga lamarin. A Glasgow, inda ma'aikatan ƙera makamai da jiragen ruwa suka cika gari, masu gidaje sun yi amfani da ƙarancin muhalli suka ƙara haya, sai matan unguwanni, ƙarƙashin jagorancin irin su Mary Barbour, suka ƙi biyan ƙarin, suka kuma riƙa tare jami'an da aka aiko su fitar da 'yan haya. Zuwa ƙarshen 1915 iyalai kimanin 20,000 ne ke cikin yajin, kuma da yake gwamnati na tsoron kada ma'aikatan makamai su ajiye aiki ana tsakiyar yaƙi, sai ta yi dokar da ta daskarar da hayar ƙananan gidaje a kan yadda take kafin yaƙi. Da haya ta daskare, gina wa talaka gida ya daina zama harkar riba, don haka dole wani ya cike gurbin. Ga kuma tsoron juyin juya hali irin wanda aka yi a Rasha a 1917, ga miliyoyin sojoji na shirin dawowa, abin da ya sa firaminista David Lloyd George ya yi alkawari a 1918 cewa za a gina ƙasar da ta dace da jaruman da suka yi yaƙi.

Dokar 1919, wadda aka fi sani da sunan ministan lafiya Christopher Addison, ta wajabta wa kowace ƙaramar hukuma ta ƙididdige buƙatar gidaje a yankinta ta kuma gina su, baitulmalin ƙasa kuma ya ɗauki nauyin mafi yawan giɓin da ke tsakanin kuɗin gini da abin da haya za ta kawo. An yi niyyar gina gidaje 500,000 cikin shekara uku, amma tsadar kayan gini ta sa kuɗin gida ɗaya ya doshi fam 1,000, aka dakatar da shirin a 1921, kuma gidaje kimanin 213,000 ne aka kammala. Dokar John Wheatley ta 1924, a gwamnatin jam'iyyar Leba ta farko, ta farfaɗo da aikin ta samar da gidaje kusan rabin miliyan, kuma kafin yaƙi na biyu ya ɓarke ƙananan hukumomi sun gina gidaje fiye da miliyan ɗaya.

Siffar waɗannan gidaje ta fito ne daga tunanin Ebenezer Howard, wanda a 1898 ya kawo shawarar gina garuruwa masu lambuna da za su haɗa aikin birni da iskar karkara, da kuma rahoton kwamitin Tudor Walters na 1918, wanda ya ce kada a wuce gida 12 a kan eka ɗaya, kuma kowane gida ya sami ɗakunan kwana uku da wurin wanka da lambu. Irin wannan yalwa ba ta samuwa sai inda fili ke da araha, wato bayan gari, saboda haka birane suka fara miƙewa cikin gonaki. Mafi girman misali shi ne Becontree, wadda Majalisar Gundumar Landan ta gina a yankin Essex tsakanin 1921 da 1935, mai gidaje kimanin 26,000 da mutane fiye da 100,000, adadin da ya fi na birane da yawa na ƙasar. Ga iyalin da ya fito daga ɗaki guda a gabashin Landan, ruwan famfo a cikin gida da banɗakin da ba a tarayya da kowa babban sauyi ne, sai dai a shekarun farko makarantu da shaguna da asibitoci ba su wadata ba, aiki kuma yana can cikin birni, har sai da kamfanin Ford ya buɗe masana'antarsa a Dagenham a 1931. Kuɗin haya da na jirgin ƙasa sun sa wasu suka haƙura suka koma inda suka fito.

Mazauna waɗannan unguwanni na farko ƙwararrun ma'aikata ne da ƙananan akawu, kuma jami'an hukuma kan ziyarci mai neman gida su duba tsaftar ɗakinsa da littafin biyan hayarsa kafin a ba shi makulli, don haka zama a gidan hukuma abin tinƙaho ne. Dokar 1930 ta Arthur Greenwood ta karkatar da tallafi zuwa ga tsugunar da waɗanda aka rushe unguwanninsu, aka rage girma da ingancin gini don haya ta sauko, kuma daga nan aka fara samun unguwannin hukuma iri biyu a birni ɗaya, wasu ana rububinsu, wasu kuma an laƙaba musu mummunan suna tun ranar da aka tare.

Bayan Yaƙi na Biyu

Ruwan bama-baman Jamus ya rushe gidaje fiye da 200,000, ya lalata wasu miliyoyi, ga shi kuma an shafe shekara shida ba a yi gini ba. Don rage zafin lamarin aka kakkafa ƙananan gidaje fiye da 150,000 waɗanda ake ƙera sassansu a masana'anta a zo a haɗa a fili. Aikin dindindin kuwa ya faɗa hannun Aneurin Bevan, ministan lafiya a gwamnatin Leba ta 1945, tsohon mai haƙar kwal daga Wales, wanda ya dage cewa gidan hukuma ya zama mai yalwa da ƙarko ko da hakan zai rage yawan da za a gina. Burinsa shi ne likita da mahauci da mai shago da lebura su zauna a layi ɗaya, kuma dokar 1949 ta cire sharaɗin da ke cewa ma'aikata kaɗai ake gina wa, ta yadda a ƙa'ida kowane ɗan ƙasa na iya neman gidan hukuma. Tsakanin 1945 da 1951 an gina gidajen hukuma fiye da 800,000, kuma har yau suna cikin waɗanda aka fi so.

A daidai wannan lokaci aka sake tsara dangantakar birni da kewayensa. An shata wa Landan wani zagayen fili da aka hana gini a kansa don kada ta ci gaba da cinye karkara, sannan dokar sababbin garuruwa ta 1946 ta ba da damar kafa garuruwa sukutum a bayan wannan zagaye, irin su Stevenage da Harlow da Crawley da Basildon, daga baya kuma Milton Keynes a 1967. Hukumomin da suka gina su suna da ikon karɓar fili a kan farashin da bai yi nisa da na gona ba, don haka ƙarin darajar da gini ya kawo wa filin ya koma aljihun jama'a, kuma wannan ne ya sa aikin ya yiwu ba tare da haya ta yi tsada ba.

Zamanin Dogayen Benaye

Jam'iyyar masu ra'ayin 'yan mazan jiya ta karɓi mulki a 1951 da alkawarin gina gidaje 300,000 a kowace shekara, kuma ministanta Harold Macmillan ya cika alkawarin a 1953, shekarar da ƙananan hukumomi suka kammala gidaje fiye da 200,000, amma sai da aka rage girman ɗakuna kafin a kai ga wannan adadi. Daga tsakiyar shekarun 1950 aka koma rusau gadan-gadan, kuma cikin shekara talatin an rushe gidaje kusan miliyan ɗaya da rabi a Ingila da Wales. Da yake an hana birane miƙewa, majalisunsu kuma ba sa son rasa masu biyan haraji da masu jefa ƙuri'a, sai aka fuskanci sama. Dokar tallafi ta 1956 ta ƙara wa hukuma kuɗi gwargwadon tsawon benen da ta gina, manyan 'yan kwangila suka zo da fasahar haɗa gini da manyan allunan kankare da aka zuba a masana'anta, masu zanen gine-gine kuma suna ɗauke da tunanin Le Corbusier na dogayen gine-gine a tsakiyar fili. A Sheffield an kammala Park Hill a 1961, mai sassa kusan dubu, da faffaɗan baranda a sama waɗanda aka yi nufin su maye gurbin layukan unguwa, a Glasgow kuwa benayen Red Road sun kai hawa talatin.

Ribar da aka samu ta fuskar lafiya ba abar musu ba ce, domin miliyoyin mutane sun rabu da danshi da ɓeraye da masai na waje, sun sami ruwan zafi da wutar lantarki. Asarar kuwa ta shafi zumunta. A 1957 masana zamantakewa Michael Young da Peter Willmott sun wallafa bincikensu kan iyalan unguwar Bethnal Green ta Landan da aka mayar wata unguwar hukuma a Essex, inda suka nuna cewa a tsohuwar unguwa matar aure tana ganin mahaifiyarta kusan kullum, tana samun mai riƙe mata yaro da mai ba ta rance, a sabuwar kuwa ta sami gida mai kyau amma ta rasa dangi. Wannan salo na rusau ya ƙetara har zuwa ƙasashen da Birtaniya ke mulka, domin a 1955 hukumar raya birnin Legas, wadda aka kafa a 1928 bayan annoba, ta fara rushe tsakiyar tsibirin Legas tana mayar da mutane Surulere. Peter Marris, abokin aikin waɗancan masana biyu, ya binciki shirin ya wallafa sakamakonsa a 1961, ya kuma tarar da abu mai kama da na Landan, wato manyan gidajen dangi sun watse, 'yan tireda da masu sana'ar hannu kuma sun yi nisa da masu sayensu.

A cikin Birtaniya rusau da kwashe mutane zuwa bayan gari sun rage wa tsofaffin birane jama'a ƙwarai. Liverpool, wadda ke da mutum fiye da 850,000 a 1931, ta koma ƙasa da rabin miliyan kafin ƙarshen ƙarnin, bayan an kai dubban iyalai Kirkby da Skelmersdale, Glasgow kuma ta zuba mutanenta a manyan unguwannin gefe irin su Easterhouse da Castlemilk da Drumchapel, waɗanda suka daɗe ba su da isassun shaguna da wuraren aiki. Baƙi daga yankin Karibiyan da Afirka da Kudancin Asiya kuwa, sharaɗin sai mutum ya shafe wasu shekaru a gunduma kafin a rubuta sunansa ya tsare su a hannun masu gidajen haya na kasuwa, kuma ko bayan sun shiga tsarin, binciken da hukumar yaƙi da wariyar launin fata ta yi a gundumar Hackney a 1984 ya gano cewa baƙaƙen fata sun fi samun gidaje marasa inganci.

Ranar 16 ga Mayu, 1968, iskar gas ta fashe a hawa na 18 na Ronan Point, wani bene mai hawa 22 a gabashin Landan wanda bai fi wata biyu da tarewa ba, sai allunan kusurwa guda suka zube daga sama har ƙasa, mutum huɗu suka rasu. Bincike ya nuna rauni a yadda aka haɗa allunan, kuma daga nan amincewar jama'a da dogayen benaye ta karye, musamman da shari'ar John Poulson da T. Dan Smith ta fallasa cin hanci a kwangilolin gine-ginen hukumomi, aka ɗaure su a 1974. Ya kamata a lura cewa dogayen benaye ƙaramin kaso ne na gidajen hukuma, mafi yawa gidaje ne na ƙasa masu lambu, amma benen da na'urar hawansa ta lalace, bangonsa ke tsattsafar ruwa, shi ne ya zama hoton tsarin gaba ɗaya a idon jama'a.

Sayarwa da Ƙunƙuncewar Tsarin

Abubuwa uku ne suka haɗu suka sauya irin mutanen da ke cikin gidajen. Na farko, dokar marasa muhalli ta 1977 ta wajabta wa hukumomi su fifita waɗanda suka fi shiga matsi, abin da yake adalci ne a kan kansa, amma ya zo a lokacin da aka zabge kuɗin gini bayan rancen da ƙasar ta karɓa daga Asusun Lamuni na Duniya a 1976. Na biyu, masana'antun da unguwannin suka dogara da su, na kwal da ƙarfe da jiragen ruwa, suka yi ta rufewa. Na uku kuma, wanda ya fi tasiri, shi ne dokar 1980 ta gwamnatin Margaret Thatcher, wadda ta ba ɗan hayan da ya shekara uku haƙƙin sayen gidan da yake ciki da rangwamen kashi 33 cikin ɗari, rangwamen yana ƙaruwa da yawan shekaru har zuwa kashi 50, daga baya ma aka ɗaga shi zuwa kashi 70 ga sassan benaye.

Shirin ya sami karɓuwa matuƙa, domin ya ba iyalai da yawa kadarar da ba su taɓa tsammanin mallaka ba, kuma zuwa yau an sayar da gidaje kusan miliyan biyu a Ingila kaɗai. Sai dai an ɗaure hannun hukumomi wajen amfani da kuɗin da suka samu, aka kuma taƙaita musu cin bashi, don haka ba a mayar da gurbin abin da aka sayar ba, har gine-ginensu suka sauko daga fiye da 100,000 a shekara a shekarun 1970 zuwa 'yan ɗaruruwa a farkon shekarun 2000. Gidaje masu lambu a unguwanni masu kyau su aka fara saya, kuma masu aiki ne suka saya, abin da ya rage a hannun hukuma shi ne benaye da unguwannin da ba a so, ana kuma cika su da marasa aiki da tsofaffi da marasa lafiya. A 1979 kusan ɗaya cikin biyar na kashi goma mafi samun kuɗin shiga a ƙasar a gidan hukuma yake zaune, amma bayan shekara ashirin da wuya a sami irinsu a can. Talaucin da a da yake warwatse a cikin jama'a sai ya taru a wurare sanannu, har sunan unguwa a takardar neman aiki ya zama abin da ke hana mutum samu.

Dokar 1988 ta sakar wa masu gidajen haya na kasuwa mara, ta kuma buɗe hanyar miƙa gidajen hukuma ga ƙungiyoyi masu zaman kansu. Kuɗin da a da ake zubawa a bulo da siminti sai ya koma tallafin biyan haya, wanda a shekarun 2010 ya haura fam biliyan 20 a shekara, kuma kaso mai tsoka na shiga aljihun masu gidaje na kasuwa. A Landan kusan huɗu cikin goma na sassan da aka saya da rangwame sun koma hannun masu bayar da haya, har takan kai hukuma ta kama hayar gidan da ita ta gina, a kan ninkin tsohon kuɗinsa, don ta ajiye iyalin da ba shi da wurin kwana. Sikotilan ta soke haƙƙin sayen a 2016, Wales kuma a 2019.

Birnin da Ya Biyo Baya

Da darajar fili ta yi tashin gwauron zabo a tsakiyar Landan, unguwannin hukuma da ke can sun zama abin kwaɗayi ga masu gine-ginen kasuwa, kuma hukumomin da ba su da kuɗin gyara suka riƙa shiga yarjejeniya da su a rushe a sake gini. Rukunin Heygate da ke kudancin birnin, mai gidaje kimanin 1,200, an rushe shi tsakanin 2011 da 2014, aka gina fiye da ninki biyu a wurin, amma waɗanda aka ware a kan hayar hukuma ba su kai ɗari ba, tsofaffin mazauna da yawa kuma suka ƙare a gefen birni ko wajensa, kamar dai yadda aka yi wa mutanen Old Nichol. Ranar 14 ga Yuni, 2017, gobara ta tashi a benen Grenfell mai hawa 24, a gundumar Kensington da Chelsea wadda ke cikin mafi arziki a ƙasar, ta bi rufin bangon waje mai cin wuta da aka liƙa lokacin gyara, mutum 72 suka rasu. Rahoton ƙarshe na kwamitin bincike, wanda ya fito a Satumban 2024, ya ɗora laifi a kan kamfanonin da suka ɓoye haɗarin kayansu, da gwamnatocin da suka yi sakaci da ƙa'idojin gini, da kuma masu kula da benen waɗanda suka yi kunnen uwar shegu da koken mazauna.

Inda gidajen hukuma suka tsira a tsakiyar birni, su ne har yanzu ke ba ma'aikaciyar jinya da direban bas da mai shara damar zama kusa da wurin aikinsu, kuma su ne dalilin da ya sa unguwannin Landan irin su Camden da Islington ba su zama na masu kuɗi zalla ba. A 2018 gwamnati ta ɗage takunkumin cin bashi da ta sa wa hukumomi, wasunsu suka koma gini, kuma a 2019 wani rukuni mai gidaje kimanin ɗari da majalisar birnin Norwich ta gina ya lashe babbar lambar yabo ta zanen gine-gine ta ƙasar. Amma iyalai kimanin miliyan 1.3 ne ke jerin masu jiran gida a Ingila, fiye da 100,000 kuma suna zaune a masaukan wucin gadi, adadin da gine-ginen yanzu ba su kama ƙafarsa ba. Babban cikas shi ne fili, domin dokar biyan diyya ta 1961 ta wajabta wa hukuma ta biya mai fili har da ribar da yake sa ran samu in da an ba shi izinin gini, abin da ya kawar da damar da masu gina sababbin garuruwa suka samu bayan yaƙi. Wata doka ta 2023 ta ba da damar jingine wannan sharaɗi a wasu ayyuka na amfanin jama'a, kuma gwargwadon yadda hukumomi suka iya amfani da ita ne zai nuna ko za su sake gina gidaje da yawan da zai isa a ba mai aiki da maras aiki a layi ɗaya.